Ahmadu Seku Ture: Akawun Gidan Waya da Ya Zama Shugaban Ƙasa

Kamar yadda muka saba a wannan shafi kowace shekara, mukan ɗauko tarihin wani sanannen mutum da ya riga mu gidan gaskiya, mu baje shi a faifai, domin na baya su ga inda na gaba suka taka daidai da kuma inda suka yi tuntuɓe. A bana mun leƙa ƙasar Gini, mun ɗauko tarihin Ahmadu Seku Ture. Mafi yawan jama'a sun san shi a matsayin shugaban Gini na farko, amma kaɗan ne suka san cewa daga teburin akawun gidan waya ya taso, kuma ƙungiyar ma'aikatan gidan waya ce tsanin farko da ya taka. Abin da ya ja hankalinmu ga rayuwarsa shi ne, mutumin da ya koya wa ma'aikata yadda ake haɗa kai a ce wa mai mulki a'a, shi ne kuma daga baya ya toshe wa ma'aikatan ƙasarsa hanyar ce masa a'a. Wannan shi ne zaren da za mu bi daga farko har ƙarshe.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Ahmadu Seku Ture ranar 9 ga watan Janairu, 1922, a garin Farana, ba nisa da inda Kogin Kwara ya samo tushe, kogin nan da ya ratsa Mali da Nijar da Nijeriya kafin ya faɗa teku. A lokacin Gini tana ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Iyayensa 'yan ƙabilar Malinke ne, talakawa masu ƙaramin ƙarfi, sai dai ta wajen mahaifiyarsa ana danganta shi da Almami Samori Ture, jarumin da ya shafe shekaru yana gwabzawa da sojojin Faransa har suka kama shi a 1898. Wannan dangantaka ta yi masa rana ƙwarai a siyasa daga baya.

Ya fara da makarantar allo, sa'an nan ya shiga ta boko. Daga nan ya samu shiga makarantar koyon sana'a ta Georges Poiret da ke Konakiri, babban birnin ƙasar. Bai kammala ba. A 1937, yana ɗan shekara goma sha biyar, aka kore shi saboda ya jagoranci ɗalibai sun yi bore a kan rashin kyan abincin makaranta. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Korar ba ta raba shi da littafi ba, domin ya ci gaba da karatu da kansa, yana karɓar darussa ta hanyar wasiƙa. A 1940 ya samu aikin akawu a wani kamfanin kasuwanci na Turawa mai suna Niger Français. A 1941 kuma ya ci jarrabawar shiga ma'aikatar gidan waya da tangaraho da tarho, wadda Faransawa suke taƙaita sunanta da PTT.

Gidan Waya a Zamanin Mulkin Mallaka

Ya kamata mai karatu, musamman matashin da ya buɗe ido ya tarar da wayar hannu, ya fahimci matsayin gidan waya a wancan zamani. Duk umarnin da gwamna zai aika wa jami'ansa na lardi, ta wayar tangaraho yake bi. Duk kuɗin da ɗan ci-rani zai aika wa iyalinsa, da wasiƙar ɗan kasuwa zuwa ga abokin cinikinsa, sai sun bi ta hannun akawun gidan waya. Saboda haka ma'aikatan wannan wuri sun iya karatu da rubutu, suna warwatse a kowane babban gari, kuma kullum suna magana da juna ta waya. In aka ce su ajiye aiki, gwamnati ta zama kurma kuma bebiya.

Duk da wannan muhimmanci, an kasa ma'aikata aji-aji. Bature yana nasa aji, ɗan ƙasa yana nasa. Sai ka ga mutum biyu suna aiki iri ɗaya a ɗaki ɗaya, amma albashin Baturen ya ninka na ɗan ƙasa, ga kuɗin kula da iyali da na gida da ake ba shi, wanda ɗan ƙasa ba ya ko jin ƙanshinsu. A wajen ofis kuwa abin ya fi muni, domin har zuwa 1946 ana kama talakawa a sa su aikin tilas na gina hanyoyi da noma a gonakin Turawa.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sassauta igiyar. Faransa ta ga irin gudummawar da sojojin Afirka suka ba ta, sai aka yi taron Barazabil a farkon 1944, inda aka yi alkawarin gyara. A watan Agusta na wannan shekara aka fitar da dokar da ta ba ma'aikatan Afirka damar kafa ƙungiyoyin ƙwadago. Seku Ture, wanda a lokacin yake halartar zaman nazari da wasu Faransawa 'yan gurguzu suke shiryawa a Konakiri, bai yi sanya ba. A 1945 shi da abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gidan waya, wadda ake lissafa ta a matsayin ƙungiyar ƙwadago ta farko ta 'yan ƙasa a Gini, aka zaɓe shi babban sakatarenta yana da shekara 23. A wannan shekara ce kuma ma'aikatan Nijeriya suka yi babban yajin aikinsu na neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa, wanda ya fito da sunan Michael Imoudu. Iska ɗaya ce take kaɗawa a duk Afirka ta Yamma.

Daga Gidan Waya zuwa Dukkan Ma'aikata

Buƙatar ƙungiyar a fili take: aiki ɗaya, albashi ɗaya. Tsakanin ƙarshen 1945 da farkon 1946 ma'aikatan gidan waya suka gwada ƙarfinsu da yajin aiki, hukuma ta ɗanɗana yadda ƙasa take zama in waya ta yi shiru. Amma Seku Ture ya gane da wuri cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akawun gidan waya 'yan tsiraru ne, in ba su jawo leburorin tashar jirgin ruwa da direbobi da ma'aikatan kantuna da 'yan aikin gidajen Turawa ba, za a iya lallashinsu da ɗan ƙari a bar sauran a rana. Don haka ya duƙufa wajen haɗa ƙananan ƙungiyoyi ƙarƙashin inuwa ɗaya, wadda ta ƙulla alaƙa da babbar ƙungiyar ƙwadagon Faransa mai suna CGT, kuma shi ya zama babban sakataren wannan haɗaɗɗiyar ƙungiya ta Gini.

Bai tsaya a ƙwadago kaɗai ba. A watan Oktoba na 1946 yana cikin waɗanda suka halarci taron Bamako, inda aka kafa jam'iyyar RDA ta ƙasashen Afirka renon Faransa, ƙarƙashin jagorancin Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa. Reshenta na Gini shi ne ya zama jam'iyyar PDG. A wannan tsakani ya bar gidan waya ya koma aiki a baitulmali, amma ƙafarsa ba ta bar fagen ƙwadago ba. A watan Yuni na 1950 ya jagoranci yajin aiki a Konakiri a kan mafi ƙarancin albashi, aka tsare shi na 'yan kwanaki. A 1951 aka sallame shi daga aikin gwamnati baki ɗaya. Hukuma ta ɗauka ta karya shi, ashe ta sake masa mara ne, domin daga nan ba shi da wani aiki sai na ƙungiya. Ya riƙa zagaya gari-gari yana yi wa mutane jawabi, kuma Allah ya hore masa baki, yana magana da Faransanci da Malinke da harshen Susu na mutanen gaɓar teku. A 1952 ya zama babban sakataren PDG, ya haɗa ragamar ƙwadago da ta jam'iyya a hannu ɗaya.

Yajin Aikin 1953

Abin da ya ɗaga sunansa sama shi ne rigimar dokar ƙwadago. Shekara da shekaru majalisar dokokin Faransa tana jan ƙafa a kan dokar da za ta daidaita haƙƙin ma'aikatan ƙasashen da take mallaka. Ranar 3 ga Nuwamba, 1952, ma'aikata a faɗin Afirka ta Yamma renon Faransa suka yi yajin aikin gargaɗi, kuma kafin shekarar ta ƙare aka zartar da dokar. A cikinta aka rage lokacin aiki daga awa 48 zuwa awa 40 a mako.

To, a nan gizo yake saƙar. Lebura ana biyansa ne da awa. In aka rage masa awa takwas a mako ba a ƙara kuɗin awa ba, abin da zai kai gida ya ragu ke nan. Lissafi ya nuna sai an ƙara kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin kowace awa kafin albashinsa ya tsaya yadda yake. Hukuma da kamfanoni suka ce sai dai a yi ƙarin da bai kai haka ba. Ranar 21 ga Satumba, 1953, ma'aikatan Gini suka ajiye aiki.

An yi yajin aiki a wasu ƙasashen ma, amma na Gini ya fi kowanne tsawo, domin ya wuce wata biyu, sai a ƙarshen Nuwamba aka janye. Abin tambaya shi ne, yaya lebura wanda ba shi da ajiya ya iya jure wata biyu babu albashi? Amsar tana wajen mata da manoma. Wata mata mai suna Mafori Bangura ta tattara matan Konakiri, suka riƙa dafa abinci suna ciyar da iyalan masu yaji, wasu suka sayar da kayan adonsu, 'yan kasuwa mata kuma suka ƙi sayar wa masu karya yaji da abinci. Daga ƙauyuka aka riƙa aiko da shinkafa. A ƙarshe gwamnatin Faransa ta amince da ƙarin kashi 20 ɗin. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Cikin shekara biyu yawan 'yan ƙungiya ya ninka sau da dama, aka riƙa yi wa Seku Ture kirari da Sili, wato giwa a harshen Susu, alamar jam'iyyarsa.

Daga Ƙwadago zuwa Mulki

Daga nan ƙofofin siyasa suka fara buɗewa. A 1953 aka zaɓe shi ɗan majalisar yanki mai wakiltar Beyla. A 1954 ya tsaya takarar kujerar majalisar dokokin Faransa, aka ce ya faɗi, magoya bayansa suka ce an yi maguɗi, ƙasa ta ɗauki zafi. A watan Fabrairu na 1955, a garin Tondon, wani hakimi ya sari wata 'yar jam'iyya mai juna biyu, Mbaliya Kamara, ta rasu bayan 'yan kwanaki, abin da ya ƙara tunzura jama'a a kan hakiman da Turawa suka naɗa. A watan Janairu na 1956 ya ci kujerar da aka hana shi, daga baya kuma ya zama magajin garin Konakiri.

A fagen ƙwadago ma ya sauya salo. Ya ga cewa muddin ƙungiyoyin Afirka suna matsayin rassan na Faransa, rigingimun Faransa za su ci gaba da raba kansu. A 1956 ya ja mutanensa suka fice daga CGT, kuma a watan Janairu na 1957, a birnin Kwatano, aka kafa babbar ƙungiyar ma'aikatan baƙar fata ta Afirka, wato UGTAN. A watan Maris na wannan shekara PDG ta lashe kusan dukkan kujeru 60 na majalisar Gini, Seku Ture ya zama mataimakin shugaban majalisar zartarwa, gwamna Bature yana sama da shi. A ƙarshen 1957 gwamnatinsa ta soke sarautar hakimai.

Tun a wannan lokaci masu lura suka fara jin wani sabon sauti a bakinsa. Ya fara nuna wa ma'aikata cewa yajin aiki a kan Bature daban, yajin aiki a kan gwamnatin 'yan ƙasa daban, kuma aikin ƙungiya yanzu shi ne ta mara wa jam'iyya baya. Mutane da yawa ba su ɗauki maganar da nauyi ba, domin hankali ya tafi ga neman 'yanci.

A 1958 Janar de Gaulle ya ba ƙasashen renon Faransa zaɓi: ko su zauna cikin wata tarayya ƙarƙashin Faransa, ko su karɓi 'yanci nan take su rasa duk wani taimako. Ranar 25 ga Agusta ya sauka Konakiri, Seku Ture ya gaya masa a bainar jama'a cewa talauci cikin 'yanci ya fi musu wadata cikin bauta. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba, kimanin kashi 95 cikin ɗari na masu zaɓe a Gini suka ce a'a. A Nijar ma, Jibo Bakari na jam'iyyar Sawaba, wanda shi ma ɗan ƙwadago ne, ya yi kira a ce a'a, amma hukumar mulkin mallaka ta taru a kansa, sakamako ya fito da e, ya rasa mulki, aka haramta Sawaba a 1959. Gini kaɗai ta tsallake, ta zama ƙasa mai 'yanci ranar 2 ga Oktoba, 1958.

Faransa ta huce haushinta. Cikin 'yan makonni ta kwashe ma'aikatanta, masu tarihi kuma sun ruwaito cewa sun tafi da takardun ofis, sun lalata kayan aiki, har wayoyin tarho suka tsinke. Tsohon akawun gidan waya ya gaji ƙasar da aka yanke wa waya. Kwame Nkrumah na Ghana ne ya kawo ɗauki da rancen fam miliyan 10. Da Gini ta fito da kuɗinta a 1960, jami'an leƙen asirin Faransa suka buga na jabu suka watsa a ƙasar, kamar yadda wasu manyan jami'an Faransa suka amsa da bakinsu daga baya.

Ranar da Ƙungiya ta Ce Masa A'a

Dole mu yi masa adalci: maƙarƙashiyar da ake ƙulla masa gaskiya ce. Amma tsoronta ya sa ya daina bambance maƙiyi da mai ba da shawara. An mai da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, aka mai da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago, CNTG, wani reshe na jam'iyya. Babban gwaji ya zo a watan Nuwamba na 1961, lokacin da ƙungiyar malaman makaranta ta rubuta takardar koke a kan albashi da yanayin aiki. Irin takardar da shi kansa ya sha rubutawa ce shekara goma sha biyar da suka wuce. Maimakon a zauna da su, sai aka ce juyin mulki suke shiryawa. Aka yanke wa shugabanninsu, Kumandiyan Keita da Ray Autra, ɗaurin shekara goma-goma, aka ɗaure masanin tarihin nan Jibril Tamsir Niyan. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka murƙushe su, aka rufe makarantu, aka kori jakadan Tarayyar Sobiyet bisa zargin yana da hannu. Yaron da aka kora daga makaranta saboda bore a 1937, yau shi ne yake tura sojoji kan 'yan makaranta.

Daga nan abin ya riƙa gaba. Ranar 22 ga Nuwamba, 1970, sojojin Fotugal tare da wasu 'yan adawar Gini suka kawo hari Konakiri ta teku, saboda Gini ta ba masu neman 'yancin Gini Bisau mafaka. Harin bai kifar da shi ba, amma abin da ya biyo baya ya girgiza ƙasar. Aka kama dubban mutane, ranar 25 ga Janairu, 1971, aka rataye manyan jami'ai huɗu a kan wata gada a tsakiyar Konakiri. Sansanin Boiro ya zama kurkukun da ake shiga ba a fita. A can ne Diyallo Telli, babban sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya rasu a 1977, bayan an kulle shi an hana shi ci da sha. Kama shi ya zo tare da zargin da aka ɗora wa Fulanin ƙasar baki ɗaya. Dubbai sun mutu a tsare, dubban ɗaruruwa suka yi gudun hijira zuwa Senegal da Kwaddibuwa da Saliyo.

Waɗanda suka iya taka masa burki a ƙarshe su ne matan kasuwa, jinsin da ya ciyar da yajin aikinsa na 1953. Ranar 27 ga Agusta, 1977, suka yi tattaki zuwa fadarsa saboda cin zarafin 'yan sandan kula da ciniki, boren ya bazu zuwa wasu garuruwa. Dole ya sassauta dokokin kasuwanci.

Alherinsa da Rasuwarsa

Ba za mu rufe ido ga alherinsa ba. Da aka kifar da Nkrumah a 1966, ya karɓe shi hannu bibbiyu, har ya ba shi muƙamin girmamawa na abokin shugabanci. Ya ba Amilcar Cabral da mayaƙansa masauki a Konakiri. Ya sa an koyar da yara da harsunan ƙasa a makarantu, ya kuma raya kaɗe-kaɗen gargajiya. A ƙarshen rayuwarsa ya shirya da Faransa, shugabanta Giscard d'Estaing ya ziyarci Gini a 1978, ya kuma jagoranci kwamitin ƙasashen Musulmi na sulhunta Iran da Iraƙi.

Ciwon zuciya ya kama shi, aka garzaya da shi wani asibiti a birnin Cleveland na Amurka, inda ya rasu ranar 26 ga Maris, 1984, yana da shekara 62, bayan ya yi mulki fiye da shekara 25. Ranar 3 ga Afrilu, mako guda kacal da rasuwarsa, sojoji ƙarƙashin Kanar Lansana Konte suka karɓi mulki, suka buɗe ƙofofin Boiro, jam'iyyar da aka ce ita ce ƙasa ta watse babu wanda ya fito ya kare ta.

Kammalawa

Mutanen Gini ba su daina jayayya a kansa ba. A watan Disamba na 2021, da gwamnatin soja ta sa wa filin jirgin saman Konakiri sunansa, wasu sun yi murna, iyalan waɗanda suka mutu a Boiro kuwa suka yi Allah wadai. Amma akwai abin da ya shuka wanda ya fi ƙarfin mulkinsa. A farkon 2007, ƙungiyar CNTG ɗin nan, ƙarƙashin wata mata mai suna Rabi'atu Sera Diyallo, tare da takwararta USTG, ta kira yajin aikin gama-gari wanda ya tilasta wa Lansana Konte naɗa sabon firayim minista, ko da yake an yi asarar rayuka fiye da ɗari.

Darasin da muka tsinta a wannan tarihi ya shafi duk wanda jama'a suka ɗora a gaba, ko a ƙungiyar ma'aikata, ko ta 'yan kasuwa, ko ta unguwa. Ƙarfin Seku Ture a 1953 na leburori ne da matan da suka sayar da 'yan kunnensu, aro aka ba shi. Ya yi nasara muddin yana zama da su yana jin kokensu, ya kuma fara ɓata rawarsa da tsalle ranar da ya ɗauki takardar koke a matsayin cin amana. Shugaban da ya hau ta hanyar faɗa wa na sama gaskiya, wajibi ne ya bar ƙofa a buɗe ga na ƙasa su faɗa masa tasa, mabiya kuma kada son da suke yi masa ya sa su miƙa masa wannan haƙƙi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.